Yadda Ake Wanke Jikin Dogayen Gine-gine Ta Hanyar Sauka da Igiya

Duk ginin da ya wuce inda tsani ko motar ɗaga ma'aikata za su iya kaiwa, hanyoyi uku ne suka rage na isa jikinsa domin wanki. Ko dai a kafa dandamalin ƙarafa tun daga ƙasa, wanda yake cin lokaci kuma yake tare ƙofofin masu kasuwanci, ko a yi amfani da kwandon da inji yake zurowa daga rufi idan tun asali an yi ginin da shi, ko kuma ma'aikata su sauko da igiya. Hanya ta uku ta samu karɓuwa ne saboda ana iya ɗaura kayanta da safe a kwance su da yamma, kuma tana kai mutum lungunan da kwando ba ya shiga. Ko Burj Khalifa na Dubai, mai tsawon mita 828, wanda aka yi wa injunan wanki na musamman, da igiya ake isa can ƙololuwarsa.

Abin da mai shirya aikin zai riƙe tun daga farko shi ne, sana'o'i biyu ne aka haɗa wuri guda, kuma ba sa jituwa da juna. Igiyar da take riƙe da ran ma'aikaci zare ce aka saƙa, alhali kusan duk abin da mai wanki yake ɗauka a hannu, daga asid da reza har zuwa ruwan da inji yake fesowa da ƙarfi, yana iya raunana zare ko ya tsinka shi. Gwanin igiya da bai san sinadarai ba zai ɓata bangon mutane, gwanin wanki da bai san igiya ba kuwa da ransa yake wasa. Saboda haka mafi yawan aikin ana gama shi ne kafin kowa ya ɗaga ƙafa ya tsallaka bakin rufi.

Babu rubutun da zai maye gurbin horo a hannun ƙwararru. Tsarin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne na IRATA, ƙungiyar masu aiki da igiya, wadda aka kafa a Birtaniya a ƙarshen shekarun 1980 saboda ayyukan gyara a rijiyoyin mai na cikin teku. Matakanta uku ne. Ana yin horo na aƙalla kwana 4, sannan wani mai jarrabawa daban, wanda ba shi ya koyar ba, ya gwada mutum. Ba a hawa mataki na gaba sai an cika sa'o'i 1,000 na aiki da kuma watanni 12, kuma takardar shaidar tana ƙarewa bayan shekara 3. A Arewacin Amurka akwai ƙungiyar SPRAT mai irin wannan tsari na matakai uku. A ƙa'idar IRATA mutum ɗaya ba ya aiki shi kaɗai, kuma dole ne a samu mai mataki na uku a wurin a matsayin shugaban aiki.

Binciken gini kafin a karɓi kwangila

Ziyarar farko daga rufi take farawa. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: a jikin me za a ɗaura igiya? Wasu gine-ginen suna da maɗaurai na ƙarfe da aka dasa musamman domin wannan aiki, kuma irin waɗannan sai an ga takardar gwajinsu ta ƙarshe kafin a amince da su. A Amurka, dokar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta ɗora wa mai gini alhakin ba da shaida a rubuce cewa kowane maɗauri zai iya riƙe fam 5,000, wato kilo 2,268, ga kowane ma'aikaci, tare da dubawa duk shekara da sake tantancewa aƙalla sau ɗaya cikin shekara 10. IRATA kuwa tana neman maɗaurin da ƙarfinsa bai gaza kilonyutan 15 ba, kuma kilonyutan ɗaya ya yi kusan nauyin kilo 100. Inda babu maɗauran da aka dasa, ana iya zagaye ginshiƙin kankare ko babban ƙarfen gini da majanyi mai ƙarfi, bisa amincewar injiniya. Bututun ruwa, ƙarfen dogarawa na bakin rufi, ƙafar na'urar sanyaya ɗaki da sandar eriya ba maɗaurai ba ne, kome ƙarfin da suka nuna a ido.

Daga nan sai a bi hanyar da igiyar za ta bi, taku bayan taku, daga maɗauri zuwa ƙasa. A lura da gajeriyar katangar bakin rufi, musamman idan an lulluɓe ta da fallen ƙarfe mai kaifi, da gefen gilashi, da bututun da suke fitar da iska mai zafi, da wayoyin lantarki, da allunan talla. Idan akwai eriyar kamfanonin waya a rufin, a nemi a kashe ta ko a san tazarar da za a ba ta, domin tana fitar da makamashin da yake cutar da wanda ya daɗe a gabanta. A kuma tabbatar za a iya kulle ƙofar rufin, don kada wani da bai san ana aiki ba ya shigo ya taɓa igiya.

Sanin bango da abin da zai wanke shi

Nan ne aka fi yin ɓarnar da ba ta gyaruwa, domin dogon gini ɗaya yakan haɗa gilashi da alminiyom da dutse da robar toshe tsaga a fuska guda, kuma abin da ya wanke ɗaya yana iya cinye na kusa da shi. Ma'aunin da ake dubawa a jikin kowane sinadari shi ne pH, wanda yake tafiya daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, abin da yake ƙasa da ita asid ne, abin da yake sama da ita kuma dangin soda ne.

Mabul da dutsen farar ƙasa asid yana narkar da su, ko da mai rauni ne, kuma da zarar ƙyallinsu ya tafi sai an sake goge dutsen da inji. Giranit ya fi su juriya. Alminiyom, wanda yawancin firam ɗin tagogi da fallayen rufe bango da shi ake yi, soda mai ƙarfi tana cin fuskarsa ta bar masa farin tabo, shi ya sa ba a kusantarsa sai da sabulun da yake kusa da tsakiyar ma'auni. Ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa yakan yi ƙananan ramuka idan bilic ya zauna a kansa. Jan bulo kuma yakan fitar da farin gishiri daga cikinsa, wanda ya kamata a fara kankare shi da busasshen burushi, tun da yawan jiƙa bangon ƙara jawo gishirin waje yake yi. Ba a taɓa haɗa bilic da asid, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai guba, kuma wanda yake rataye ba shi da inda zai gudu.

Akwai asid ɗin da ake kira haidurofulorik, wanda yake cikin wasu magungunan wanke dutse da bulo. Yana cin gilashi, yana kuma ratsa fata ya shiga jiki ba tare da an ji zafi nan take ba. A ganina ba shi da gurbi a aikin igiya ko kaɗan, kuma duk bangon da ba zai fita ba sai da shi, gara a nemi wata hanyar isa gare shi.

Sai a juya ga igiyar kanta. Nailan, wanda mafi yawan igiyoyin wannan aiki da shi ake yi, asid ne babban makashinsa, foliyesta kuma ta fi jin tsoron dangin soda. Abin tsoro a nan shi ne, sau da yawa lahanin ba ya bayyana a ido, igiya tana iya zama fes a waje alhali ƙarfinta ya tafi. Don haka kafin a sayi kowane sinadari a karanta takardar bayanin haɗarinsa, a gwama ta da umarnin kamfanin da ya yi igiyar da ɗamarar da ma'aikaci yake sanyawa. Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce a fara da mafi sauƙi, wato ruwa zalla, sannan ruwa da sabulu mai laushi, kada a hau zuwa mai ƙarfi sai na baya ya gaza. Kowane zaɓi a gwada shi a ɗan fili kamar murabba'in mita ɗaya a gefen da ba a cika gani ba, a bar shi ya bushe sarai na 'yan kwanaki, a kira wakilin mai gini ya gani ya sa hannu. A wannan zagayen ne kuma ake ɗaukar hoton duk gilashin da ya riga ya tsage ko ya karce, domin bayan wanki kowane tsohon lahani yakan fito fili, kuma mai wanki ake fara tuhuma.

Kayan aiki da ɗaurin igiya

Ginshiƙin sana'ar gaba ɗaya shi ne igiya biyu ga kowane mutum: ta aiki, wadda take ɗauke da nauyinsa, da ta kariya, wadda take jiran ranar da ta farkon za ta gaza. Kowace da maɗaurinta. Ɗan kwangilar da ya zo da igiya ɗaya da guntun katako na zama yakan fi kowa sauƙin farashi, kuma mai ginin da ya ɗauke shi ya sani cewa bambancin kuɗin daga igiya ta biyu aka cire shi.

Igiyar da ake amfani da ita ita ce mai ƙarancin miƙewa, mai zuciya a ciki da riga saƙaƙƙiya a waje, wadda ta cika ma'aunin Turai na EN 1891 nau'in A. Kaurinta yawanci milimita 10.5 zuwa 11 ne, kuma ma'aunin yana neman ta jure aƙalla kilonyutan 22. Sabuwar igiya tana ɗan tsukewa idan ta fara jiƙa, saboda haka ana jiƙa ta a shanya kafin a auna tsawonta. Ma'aikaci yana sanye da ɗamara mai kama cinyoyi da ƙugu da ƙirji, da hular kwano mai maɗaurin haɓa, da tabarau da safar hannu da suka dace da sinadarin ranar. A igiyar aiki yana da na'urar sauka mai kulle kanta idan an sake ta, a ta kariya kuma na'urar da take cafke igiya idan an faɗi. Yana kuma ɗauke da na'urorin hawa ko da ba ya nufin hawa, domin wata rana zai buƙaci komawa sama. Tun da wanki yakan ɗauki sa'o'i, ana ƙara kujerar zama don sauƙaƙa wa cinyoyi, amma ita ba ta cikin kayan da suke riƙe rai.

Wajen ɗauri, an fi son a raba nauyin kowace igiya tsakanin maɗaurai biyu, ta yadda rassan za su haɗu su sauka daidai layin da ake son wankewa. Faɗin kusurwar da ke tsakanin rassan yana da muhimmanci ƙwarai. A digiri 90 kowane maɗauri yana ɗaukar kusan kashi 71 cikin 100 na nauyin, a digiri 120 kowanne yana ɗaukar nauyin gaba ɗaya, daga nan kuma abin hauhawa yake yi. Don haka ake tsayawa a 90 ko ƙasa, kuma ba a wuce 120. A bakin rufi ana sa kariya mai ƙarfi, kamar faranti mai santsi ko mai tayoyi, kuma kowace igiya da tata, domin kaifin da ya yanke ɗaya zai yanke biyun idan suna kwance tare a kansa. Mafi kyau ma shi ne a karkatar da igiyar ta kauce wa kaifin baki ɗaya. A ƙarshen kowace igiya ana yin ƙullin tsayawa, a kuma tabbatar da ido cewa ta kai ƙasa ko inda za a sauka. Kafin mutum ya tsallaka, abokin aikinsa ya duba shi daga hula zuwa takalmi, ya taɓa kowace ƙugiya ya ji ta kulle.

Ƙasa da sararin sama

Abin da ya faɗo daga mita 100 yana isa ƙasa cikin kusan daƙiƙa huɗu da rabi, da gudun da zai iya kusantar kilomita 160 a sa'a. Saboda haka kowane abu, har soso da robar share gilashi da oba-oba, ana ɗaure shi da siririn igiya a jikin ɗamara, kuma abin da ya wuce kilo 8 ana rataye shi a igiyarsa daban. A ƙasa ana killace fili da shinge na gaske, a tsayar da mutum yana gadi, a faɗaɗa filin gwargwadon tsawon ginin, tun da iska tana kwasar abu ta kai shi nesa da gindin bango. Motoci da shuke-shuke da ƙofofin shiga a rufe su ko a kawar da su, a kuma sanar da masu ofisoshi su rufe tagogi.

Iskar da ake ji a titi ba ita ce ta hawa na talatin ba, kuma a kusurwoyin gini takan ninka ƙarfi. A auna ta a rufi da na'ura, a rubuta iyakar da za a dakata tun kafin a fara, don kada a tsaya ciniki a kanta lokacin da aiki ya rage kaɗan. Idan aka ji tsawa ko aka ga walƙiya, kowa ya sauka. Rana ma a yi lissafinta: gilashin da ya yi zafi yana busar da ruwan sabulu kafin a share, ya bar zane, don haka ana bin inuwa, a yi fuskar yamma da safe, ta gabas kuma bayan rana ta karkata.

Wankin kansa

Ana raba bango gida-gida daga sama zuwa ƙasa, kowane layi daidai faɗin da hannu zai kai dama da hagu ba tare da dogon lilo ba, domin lilo yana goga igiya a bakin rufi. Ma'aikaci yana sauka kaɗan, ya kulle na'urarsa, ya tabbatar na'urar kariya tana sama daidai kafaɗarsa ko fiye, sannan ya saki hannu ya kama aiki. Idan iska tana ture shi daga gilashi, yana riƙe kansa da roba mai manne wa gilashi, wadda taimako ce kawai, ba maɗauri ba.

A kan gilashi ana jiƙawa da soso mai gashi, a share da roba daga sama ana karkaɗo hannu ba tare da an ɗaga ta ba, a goge gefuna da tsumma marar gashi. Wata hanyar ita ce ruwan da aka tace aka cire masa ma'adinai, wanda ake gogawa da burushi mai laushi a ɗauraye a bar shi ya bushe da kansa ba tare da tabo ba, muddin na'urar awo tana nuna ragowar ma'adinin ƙasa da kashi 10 cikin miliyan. Reza kuwa a yi hattara da ita. Tana iya karce gilashin da aka gasa don ƙarfi, tana lalata gilashin da aka yi wa shafe a waje, kuma tana aiki ne tazarar hannu ɗaya daga igiyar da take a miƙe, wadda ta fi saurin yankuwa fiye da sakakkiya. Idan dole ne, a samu izinin mai gini a rubuce, a yi amfani da mai murfi, a riƙa turawa nesa da igiya.

Bangon dutse da bulo yana da wata matsala ta daban. Masu gyaran gine-gine sun fi son a wanke irin wannan bango daga ƙasa zuwa sama, saboda ƙazamin ruwan da ya gangaro kan busasshen dutse yana shiga cikinsa ya bar zane, amma mai igiya daga sama yake zuwa. Mafita ita ce a jiƙa duk layin da ruwa mai tsabta tun kafin a fara, a ci gaba da jiƙa abin da yake ƙasa, a kuma ɗauraye kowane yanki sosai kafin a gangara. Wannan ruwan da yake gangarowa a kan ragowar igiyar da take lilo a ƙasa yake zuba, shi ya sa duk ranar da ake aiki da sinadari ake zuba ragowar a jaka mai hana ruwa a rataye ta a jiki, tana fitowa kaɗan-kaɗan.

Injin feshi mai ƙarfi yana tura mai riƙe da shi baya, kuma wanda yake rataye ba shi da ƙasar da zai dogara. A fara da ƙaramin ƙarfi da baki mai baza ruwa, kada a ɗaure maƙunnin don hannu ya huta, kada kuma a nufi igiya ko sama da kai. A kauce wa robar da ta toshe tsakanin fallaye da ƙananan ramukan fitar ruwa, domin ruwan da aka tura bayan bango a cikin ofis yake fitowa. An fi samun sauƙi idan ruwan daga rufi yake zuwa, tun da kowace mita 10 ta hawa tana cinye kusan "bar" ɗaya (ma'aunin matsin ruwa) na ƙarfin famfo. Tiyo cike da ruwa nauyi ne da shi, a rataye shi a igiyarsa.

Ceto da ajiyar kaya

Mutumin da ya suma yana rataye a ɗamara yana cikin haɗari ko da bai ji rauni ba, domin jini yana taruwa a ƙafafunsa ya rage komawa zuciya da ƙwaƙwalwa, kuma lamarin yana iya ɓaci cikin mintoci. Jiran 'yan kwana-kwana ba tsarin ceto ba ne. Tawagar ce za ta sauko da nata, kuma hanya mafi sauri ita ce a ɗaura igiyoyin tun farko ta cikin na'urorin sauka a rufi, da ragowar tsawo isasshe, yadda za a zuro mutum har ƙasa ba tare da wani ya bi shi ba. Kowace safiya a faɗi wanda zai yi ceto, da inda jakar kayan take, da ƙofar da motar asibiti za ta tsaya.

Bayan an tashi, a bi kowace igiya da hannu daga farko zuwa ƙarshe ana neman wurin da ya yi laushi, ko ya ƙandare, ko ya canza launi. A wanke ta da ruwan da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, a shanya a inuwa, a ajiye ta nesa da sinadarai da batiran mota, har a cikin motar ɗaukar kaya. Duk wata 6 ƙwararre ya yi wa kayan cikakken bincike a rubuta sakamakon a gaban lambar kowane ɗaya, kuma a aikin da ake yawan taɓa sinadari a riƙa yin wani binciken a tsakani. Kamfanoni da yawa suna sa shekara 10 a matsayin iyakar rayuwar kayan zare, amma igiyar wanki ba ta cika kaiwa ko kusa ba. Wadda asid ya taɓa, ko wadda ake shakka a kanta, a cire ta nan take, a yayyanka ta gunduwa-gunduwa don kada wani ya tsince ta ya mayar cikin jaka, sannan a soke lambarta daga littafin kaya.